Koren Ɗigo a Hanyar Dori

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Motar Salfo ta tsaya.

Na rubuta ne ko zai fi sauƙin gaskatawa a takarda. Bai fi ba.

Shekara da shekaru ina zaune gaban allon kwamfutar nan a ofishin Laji Tapsoba, aikina kallon manyan motocinsa suna yawo a taswira, kowace mota koren ɗigo da lambarta. Ni matan direbobi ke kira su ji inda mazansu suka kai, ni kuwa in amsa musu da gadara sai ka ce da yatsana nake tura motocin. Yau ayari ya tashi daga Kaya zuwa Dori da rakiyar sojoji, motocinmu biyar a ciki, duk gero da shinkafa. Ta mijina ce mai lamba sha ɗaya. Wallahi idona na kan allon, ko ruwa ban tashi sha ba. Amma ido garke yake bi. Huɗu na tafiya na bi su kamar tunkiya, ban ga sa'ad da na biyar ya rage a baya ba, sai da Drabo ya leƙo ta kafaɗata da kofin shayinsa.

"Baiwata, lissafin Mosi ne ya mai da biyar huɗu?"

Drabo ɗan Samo ne, ni Mosi, ƙabilunmu abokan wasa ne, kowa na kiran ɗayan bawansa, zagina gadonsa ne, zaginsa gadona. Ya dubi fuskata, ya ajiye kofin. Tun da muke aiki tare yau na fara jin ya kira ni da sunana, Rasmata.

Ɗigon ya ɗan sauka daga kan titi, ta gabas. Wayar Salfo ba ta shiga.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Huɗun sun isa Dori. Na bi direbobin da kira. Biyu ba su ɗauka ba, ɗaya ya ce bai ga komai ba tun ban tambaye shi ba. Isaka, wanda motarsa ke gaban ta Salfo, ya ce, "Madam, ƙura ce da ƙara, kowa ta kansa yake yi. Bari in dawo mu yi magana." Ya kashe.

Laji ya shigo da carbinsa ya tsaya a bayana yana kallon allon da bai taɓa ganewa ba. Ya ce an sanar da waɗanda ya kamata a sanar. Ya ce in je gida in huta. In je gida in kalli me?

Inna Poko, uwar Salfo, na gaya mata motar ɗanta ta tsaya a hanya. Ban yi mata ƙarya ba. Ta ce ai ta sha gaya masa motar nan ta girmi Laji, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Laraba, 9 ga Afrilu, azahar

Yana nan inda yake.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Abin da nake fara koya wa duk sabon ma'aikaci shi ne, ɗigo ba tafiya yake yi ba. Wani ɗan akwati ne a ƙarƙashin kujerar direba ke turo saƙo jifa-jifa, ga ni nan, can an jima, ga ni nan. Na'ura ce ke jan ɗigon a hankali daga wannan wuri zuwa wancan don kada ya riƙa tsalle, ido kuma ya ƙarasa ƙaryar. Duk Wagadugu ban ga wanda zai fi ni sanin wannan ba. Amma yau sau uku ina ganin na sha ɗaya ya gusa.

Na farko ina da uzuri. Taswirar na ja don in duba motocin Tenkodogo, sai na ga ya yi arewa, gabana ya faɗi kafin hankalina ya ce min hannunki ne, sakara. Na biyu da na uku ba ni da ko wannan. Ido kawai na zuba masa, ya fara rarrafe kamar kaska.

Na ware masa tsohon allon da ke kusurwa, shi kaɗai, kada kowa ya taɓa. Na yanko salatif na manna a gilashin, daidai gefensa. In ya bar salatif ya motsa, in bai bari ba idona ne.

Drabo ya ce, "Mosi dai da dabara. Gobe sai ki nemo igiya ki ɗaure shi kamar akuya."

Na ce, "Gara mu akuya muke ɗaurewa. Ku kare kuke turkewa saboda tukunya."

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Na gode masa a zuci.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Bakin unguwa ya riga ni kai wa Inna labarin allon. Da safe ina fito da babur na tarar da Inna a ƙofar gida, ta yafa mayafinta na zuwa suna, da gorar ruwan gero a hannu.

"Kai ni in ga abin da kike gani."

Na goya ta tun daga unguwarmu Tampuy, ta riƙe min ƙugu kamar za ta ɓalla ni. A ofis Drabo ya tashi ya ba ta kujerarsa yana cewa yau sarauniyar bayinsa ta kawo masa gaisuwa. Ta ce, "Rufe min baki, maci kare. Ungo ka sha abin mutane." Daga nan ta zauna gaban tsohon allon, hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan ne Salfo?"

"Motarsa ce, Inna."

"Me ya sa yake ƙyafta ido?"

"Akwatin ne ke nuna yana da sauran wuta."

"To yana numfashi ke nan."

Na buɗe baki zan ce akwatin ne, ba shi ba. Drabo ya taka min ƙafa, kuma ba da wasa ya taka ba.

Kafin masallaci ya kira Juma'a ta ce ya matso sau biyu. Na nuna mata salatif. Ta ce to salatif ɗin ne ke binsa.

Asabar, 12 ga Afrilu, tsakar rana

An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gidan ya yi tsit. Inna ta yi barcin rana a ƙarƙashin mangwaro. Na kwanta ina kallon bango, bangon ya kama tafiya, yana gangarawa a hankali zuwa ƙofa. Na san dalili. Wanda ya wuni yana bin abu mai tafiya, in ya ɗauke kai, abin da ke tsaye sai ya yi masa tafiya ta baya. Sanin dalili bai tsayar da bangon ba.

Gaisuwar maƙwabta ta sauya. Dā "Madam, ina direbanmu?" Yanzu "Madam, ya haƙuri?" da murya ƙasa-ƙasa. Haƙurin me? Wa ya aiko musu?

Ina kewarsa. Ina kewar har tarin nan nasa na safe da nake yi masa mita a kai.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Na tuƙa tuwon mutum uku. Hannu ne, ba ni ba.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Na'urar na iya maimaita tafiyar da ta wuce. Yau na maimaita ta ranar Litinin ɗin nan har Drabo ya ce zan huda allon.

In na sa ta da sauri, ɗigon kamar da gangan ya bar ayari. Ya kauce fit, ya yi gabas, ya tsaya, kamar mai neman inuwa. In na sa ta a hankali kuwa, sai ya zama wani abu dabam. Yana ja da baya, yana ja, 'yan uwansa na nisa, ya zame daga titi kamar mara lafiya yana neman inda zai kwanta. Saƙonnin akwatin ba su sauya ba, 'yan ƙalilan ne, su ne dai. Gudun da na zaɓa shi ke ba ni labarin. Da safe na fi son mai saurin. Bayan azahar, in zafi ya taso, sai in ga hannuna ya koma mai jan ƙafar.

Inna kullum tana nan yanzu. Laji ya sa an kawo mata tabarma.

Laraba, 16 ga Afrilu, hantsi

Matar Isaka ta kira. "Madam, don Allah sun taso? Ina ya kai?" Na ce sun wuce rabin hanya, in Allah ya so gobe tana tare da shi. Ta yi hamdala, sai kuma ta tuna da wadda take magana, ta kama inda-inda. Ni na riƙa ba ta haƙuri.

Yana nan inda yake.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Isaka ya zo. Ya ƙi zama, ya ƙi ruwa, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa. Na fito da shi waje saboda Inna.

"Isaka, ka dube ni. Me ka gani?"

"Madam, ta madubi ne fa. Madubi kuma duk ƙura."

"Me ka gani ta madubin?"

"Motar ta sauka daga kwalta. Babura ta nan, babura ta nan."

"Wuta?"

"Ba wuta. Wannan kam na rantse, ba wuta."

"Wa ke tuƙi?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce da zai ce ya gani da ya yi min ƙarya, kuma Salfo ya fi ƙarfin ya yi wa matarsa ƙarya. Ya ce da ya tsaya da yanzu mata biyu ne ke kallon allo. Ban ce ya yi laifi ba. Ban kuma ce bai yi ba, shi ya sa ya tafi yana waiwaye.

Su wane ne a kan baburan, ni da shi ba wanda ya kama suna. A garin nan yanzu kowa ya iya magana ba suna.

Litinin, 21 ga Afrilu, da yamma

Dangin Salfo sun zo jiya, maza huɗu, suka zauna a tabarma suna kewaye-kewaye, wai ko za a tara malamai a yi abin da ya dace. Inna ta tambaye su wane ne ya dace. Ta ce ɗanta na nan yana numfashi a allon matarsa, wanda ke shakka ya hau babur ya je ya gani, gani ya kori ji. Suka sha ruwan gero suka tashi.

Da suna fita, kallon da suka yi min ya ce ke mai ilimin, ke za ki gaya mata. Ba wanda ya tambaye ni ko ina cin abinci.

Talata, 22 ga Afrilu, azahar

Yana nan.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya



Na shigo, na gaida Drabo, na dubi kusurwa kamar kullum, na ga tazara tsakanin ɗigon da salatif. Na rufe ido na buɗe. Na fita na wanke fuska na dawo. Idon nan ya yi min ƙarya har na daina ba shi amana, don haka ban faɗi abin da na gani ba, na ce, "Drabo, zo ka duba min allon can ka faɗi abin da ka gani."

Ya duba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya sake dubawa.

"Ya bar salatif."

Inna ta rangaɗa guɗa har masu gadi suka shigo da gudu. Ta ce, "Ban gaya muku ba? Tun yaushe nake cewa yana matsowa, kuna ce min tsufa?" Ta rungume Drabo, ta ce yau ta 'yanta shi.

Ni ban yi guɗa ba. Ba kudu ya yi ba. Arewa maso gabas ya nufa, inda taswira ba ta zana ko hanyar jaki ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Shi ne ke tuƙi.

In aka kunna inji, wani zobe kan fito ya kewaye ɗigon. Yau da safe zoben ya fito, ɗigon bai motsa ba, ya daɗe, ya daɗe, sannan ya ɗaga a hankali. Duk kamfanin nan mutum ɗaya ke ɗumama inji haka. Har tsiya suke yi masa, wai Salfo sai ya gama gaida motar da tambayar kwanan iyalinta kafin ya sa giya. Kuma tafiyar ba ta gaggawa, ba fizga, kamar mai ɗauke da ƙwai. Da la'asar ya tsaya kaɗan ya ci gaba. Na san tafiyar mijina a allon nan kamar yadda na san takunsa a tsakar gida.

Na gaya wa Drabo. Bai yi wasa ba, abin da ya ba ni haushi ke nan.

"Rasmata, tsohon inji kowa ya samu sai ya ɗumama shi. Daji kuma ba a gudu a cikinsa."

"La'asar ɗin fa?"

"Su ma ai suna tsayawa la'asar."

"Kai dai ba ka so ya zama shi ne."

"Sabis a can sai ya ga dama. Saƙo nawa akwatin ya turo yau? Sauran duk na'ura ce ta ja miki shi sumul. Lallashin da kike gani nata ne."

Na ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya ce haka ne. Ya ce idon nan dai shi ya ga ɗigo na rarrafe mako biyu da suka wuce. Ban sake yi masa magana ba har muka tashi.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe uku

Bayan masallaci Laji ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa.

Akwatin nan ba faɗin wuri kaɗai ya iya ba. In an sace mota, daga nan muke tura masa umarni ya datse mai, inji ya mutu, ba mai tada shi sai mu. Ni da Drabo kaɗai muka san yadda ake yi. Laji ya ce waɗanda ya sanar sun dawo masa da magana, a kashe motar.

"Laji, in ta mutu a hannunsa cikin dajin nan, wa za su ce ya kashe ta?"

"'Yata, zauna."

"Saboda motar suka bar shi da rai. Ba mai iya lallaɓa ta sai shi. In ta zama gawa, shi me zai yi musu?"

"Kin tabbata shi ne a ciki?"

Na ce na tabbata.

"Ke da bakinki kika koya mana ɗigo ƙarya yake yi." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗa ne. Ya ce gero ba ya damunsa, motar ma ya yafe ta. Amma motar da ta ɗauki buhu ɗari uku za ta ɗauki wani abin, kuma duk inda aka kai abin nan, 'ya'yan wasu ne a wurin. Ya ce, "Su ma suna da uwaye, Rasmata. Ba su da allo ne kawai."

Na tsani mutum ya fi ni gaskiya ina cikin wannan hali.

Ya ce ya roƙa an ba shi zuwa Litinin da hantsi. Ya ce ba zai ɗora min ba, Drabo zai danna.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Inna ta soya waina tana rabon sadaka ƙofa-ƙofa, ɗanta ya kama hanya. Ta ce in wanke masa zanin gado. Na wanke.

Ba ta san zancen Litinin ba. Gidan cike da ƙanshin mai da 'yan barka, ni kuwa kamar baƙuwa a cikinsa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Gaba kura, baya sayaki.

A nan zan iya faɗin abin da ban faɗa wa Laji ba. Ban tabbata ba. Jiya na tabbata, yau da safe na tabbata, yanzu da rana ta take ban tabbata ba. Wataƙila wani ne ke tuƙi tun ranar farko, ni kuma ina nan ina karanta hannun mijina a tafiyar da na'ura ta zana. Wataƙila motar ta kai wani abu wani gari saboda ni, in ji a rediyo, ba zan ma san nawa ne ba.

Wataƙila kuma shi ne, yana ɗumama inji yana daɗewa da gangan, don ya san akwai mai kallo.

Ba wanda zan tambaya. Wanda nake tambaya irin wannan shi ne a cikin ɗigon, ko ba shi ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu

Na ce wa Inna yau za a yi gyaran wuta a ofis, ta zauna gida.

Na tarar da Drabo ya riga ni, shayinsa ya huce bai sha ba. Ɗigon na tafiya a hankali, zobensa kewaye da shi. Muka zauna muna kallo kamar masu jiran likita.

Can ya ce, "Kakana ya ce ɗan Samo ya zagi Mosi tun daga haihuwa har bakin kabari, ya shiga kabarin ma ya hana a rufe sai an biya shi. Amma jinin Mosi bai halatta a hannunsa ba."

Na ce, "Laji ya ce kai za ka danna."

"Zan danna mana, ni bawan Laji ne kafin in zama ubangidanki. Amma yunwa nake ji. Bari in je in sayo wake da shinkafa wajen matar nan ta bakin kwata. Kin san ta, ba ta da sauri." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ban ce ki yi komai ba, baiwata. Ban kuma ce shi ne ba."

Ya fita.

In Laji ya sayar da mota, akwai umarnin da muke tura wa akwatin, ya manta da mu, ya koma jin maganar sabon mai ita, wanda za a sa lambarsa. Daga ranar ba ma iya kashe ta. Ba ma kuma ganinta.

Na daɗe ina kallon ɗigon. Na sa yatsa a gilashin ina binsa, abin da nake hana sababbin ma'aikata saboda maiƙo. Na rubuta umarnin. Da na zo wurin lamba na rufe ido na daddanna, don kada gobe kewa ta ci ƙarfina in tuna ta, ko a matsa min in faɗa. Na tura umarnin, ido a rufe, na share lambar.

Da na buɗe yana nan yana tafiya. Akwatin ya riga ya yi shiru, amma na'ura ba ta sani ba tukuna, ta ci gaba da jan shi ɗan kaɗan zuwa inda take zaton zai je. Na san wannan tafiyar kam ba tasa ba ce, na kalle ta duk da haka har ƙarshe. Zoben ya ɓace, koren ya dusashe, wurin ya zama fili kamar ko'ina.

Drabo ya dawo da wake a leda biyu. Ya dubi kusurwa, ya ajiye min ɗaya a gabana.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Na je na gaya wa Laji da kaina kafin ya tambayi Drabo. Ya ce zai san abin da zai faɗa wa mutanen can, ya ce in ajiye makullin ofis a kan tebur.

Ina fita ya ce, "Allah ya sa kin yi daidai, 'yata. Ni dai ban sani ba."

Na ce amin. Ni ma ban sani ba.

Talata, 29 ga Afrilu, hantsi

Na fito ɗaki na tarar da Inna ta yafa mayafi tana jirana jikin babur.

"Yau kin makara. Sun gama gyaran wutar?"

Na ce ta zauna. Na durƙusa na gaya mata duka, zancen datse mai, da maganar Laji, da abin da na yi. Na bi a hankali, na maimaita inda ba ta gane ba. Ba ta katse ni ba.

"To yanzu in mun je me za mu gani?"

"Babu komai, Inna."

"Ba zai ƙyafta ba?"

"Ba zai ƙyafta ba."

"A mai do shi."

"Ba ya dawowa. Ni ma ban san lambar ba."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ni na haife shi. Ba ki ga ya kamata ki tambaye ni ba?"

"Na ji tsoron abin da za ki ce."

"Da na ce ki yi." Ta share ido da bakin mayafi. "Da na ce ki yi, Rasmata. Amma da na zo na zauna na kalle shi ya tafi. Ke kin kalla. Ni kika ce min gyaran wuta."



Ta shiga ɗakinta ta ɗaure kaya a zani. Ta ce za ta kwana biyu wajen 'yarta a unguwar Pisi. Na ce in kai ta a babur, ta ce ƙafarta lafiya lau.

Alhamis, 1 ga Mayu, da safe

Ban san inda yake ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗin haka ba. Laji bai sani ba, waɗanda ya sanar ba su sani ba, uwarsa ba ta sani ba, kuma da hannuna na yi.

In yana da rai, motar na tashi da safe.